Ruwan Tashar Jiragen Ruwa na Wane Ne, Gwamna ko Admiral?

A watan Maris na 1772 gwamnan Rhode Island, ɗaya daga cikin yankunan mulkin mallakar Birtaniya a Amurka, Joseph Wanton, ya rubuta wasiƙa ya danƙa wa sherif, wato babban jami'in da ke zartar da umarnin kotu, ya ce ya kai wa kwamandan wani ƙaramin jirgin yaƙin Birtaniya mai suna Gaspee. Jirgin ya yi makonni yana sintiri a mashigin ruwan Narragansett, yana tare jiragen 'yan kasuwa, har da ƙananan kwalekwalen masu kai kaya kasuwa, yana bincike. Abin da gwamna ya nema bai taka kara ya karya ba: Laftanar William Dudingston ya sauko gari ya nuna takardar da ta ba shi wannan iko. Dudingston bai sauko ba. Ya tattara wasiƙun ya aika wa maigidansa, Admiral John Montagu, babban hafsan sojan ruwa da ke Boston.

Amsar Montagu ta zo da zafi. Ya gargaɗi gwamna kada ya ƙara tura sherif cikin jirgin Sarki da irin wannan aike, ya kuma ce duk wanda ya yi yunƙurin ƙwato jirgin da sojojinsa suka kama, zai rataye shi a matsayin ɗan fashin teku. Wanton bai yi ƙasa a gwiwa ba. Ya mayar masa da cewa shi ba ya karɓar umarnin tafiyar da mulkinsa daga hannun admiral, kuma zai aika sherif duk inda ya ga dama, a duk lokacin da ya ga dama, muddin wurin yana cikin jikin ƙasar da yake mulka.

Wannan magana ta "cikin jikin ƙasa" ita ce gindin rigimar gaba ɗaya, kuma ta girmi Wanton da Montagu da shekara kusan ɗari huɗu. Sarkinsu ɗaya, tutarsu ɗaya, amma kowannensu yana kallon ruwa guda yana ganin abu daban. Gwamna yana ganin farfajiyar garinsa ce da ruwa ya rufe. Admiral yana ganin bakin teku ne da ya kutso cikin tudu.

Kafin a shiga tarihin, akwai wani ruɗani da ya kamata a warware, domin har masu karatu da yawa suna haɗa abubuwa uku su mai da su ɗaya. Na farko shi ne kotun gari, mai aiki da dokar Ingila ta gargajiya, inda mutum goma sha biyu daga cikin jama'ar yankin suke zama su saurari shaida su faɗi ko wanda ake tuhuma ya aikata. Na biyu kotun soja ce, wadda hafsoshin ruwa ke zama a cikin jirgi su hukunta nasu bisa dokokin ladabtar da runduna, irin waɗanda Majalisar Dokokin Birtaniya ta kafa a 1661 ta sabunta a 1749. Na uku kuwa, wanda ya fi rikita mutane, shi ne kotun harkokin teku. Sunan admiral take ɗauke da shi, amma ba kotun soja ba ce. Alƙalinta farar hula ne, shari'o'inta na albashin ma'aikatan jirgi ne, da karon jirage, da ladan ceto jirgin da ya kusa nitsewa, da ganimar yaƙi, da fasa-ƙwauri. Abin da ya bambanta ta da kotun gari shi ne alƙali kaɗai ke yanke hukunci, babu mutanen gari goma sha biyu. Saboda haka duk lokacin da aka tambaya ko wani laifi ya auku ne a teku ko a cikin ƙasa, ainihin abin da ake tambaya shi ne: maƙwabtan mutumin ne za su yi masa shari'a, ko baƙon alƙali da aka naɗo daga nesa?

Ingila ta fara ja wa admiral layi tun zamanin Sarki Richard na Biyu. Dokar 1389 ta ce kada admiral da wakilansa su tsoma baki cikin abin da ya faru a cikin ƙasa, huruminsu abin da ya faru a teku ne kawai. Dokar 1391 ta ƙara fayyacewa, ta ce duk abin da ya taso a cikin jikin gunduma, a tudu ne ko a ruwa, na kotun gari ne. Sai dai ta bar wata kafa: idan an yi kisa ko an naƙasa mutum a cikin babban jirgi da ke tsaye a tsakiyar babban kogi, ƙasa da gadar da ta fi kusa da teku, admiral yana da ta cewa. Ka ga tun daga tushe ba a raba ruwan da layi guda ba. An raba shi da girman jirgi, da irin laifi, da inda gada take.

Shari'ar Sir Henry Constable ta 1601, wadda ta taso kan kayan jirgin da ruwa ya watso a gaɓar Yorkshire, ita ta fito da ƙa'idar da na fi jin daɗin bayyanawa, domin ana iya ganinta da ido. Ka tsaya a bakin teku da safe lokacin da ruwa ya janye. Yashin da ke ƙarƙashin ƙafarka, jiƙaƙƙe, da ƙananan kaguwa na yawo a kansa, yanki ne na gunduma, kuma idan wani ya soke ka a nan, kotun gari ce za ta ji ƙarar. Bayan sa'o'i shida teku ya cika ya rufe wurin, kwalekwale na yawo a daidai inda ka tsaya. Yanzu wurin na admiral ne. Iko yana sauya hannu sau biyu a rana yana komawa, yana bin cikar ruwa da janyewarsa. Lauyoyin Ingila sun kira wannan rababben mulki, kuma sun zauna da shi lafiya, domin a gida kotunan biyu duk suna Landan, kuma manyan alƙalan kotun gari suna da ikon aika wa kotun teku takardar hani idan ta wuce gona da iri.

Da aka ɗauki wannan tsari aka kai shi ƙasashen mulkin mallaka, sai ya rasa abin da ke riƙe da shi. Gwamna yana amsa wa sakataren gwamnati da ke kula da waɗannan ƙasashe. Kyaftin ɗin jirgin yaƙi yana amsa wa admiral ɗinsa, shi kuma yana amsa wa Hukumar Sojan Ruwa. Igiyoyin biyu ba sa haɗuwa sai a Landan, kuma wasiƙa daga Amurka tana cin wata guda zuwa biyu kafin ta isa, amsarta ma haka. A cikin waɗannan watanni, wanda ke da igwa a bakin tasha shi ke aiwatar da fassararsa ta doka.

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne yawancin gwamnonin da Sarki ya naɗa suna riƙe da muƙamin mataimakin admiral na yankinsu. Amma wannan muƙami na shari'a ne da kuɗin shiga, bai ba gwamna ikon ya ce wa ko da ƙaramin jirgin yaƙi ya ɗaga anga ba. Roƙo zai yi. Takardar naɗin gwamna ma ta fito fili ta cire hannunsa: ba shi da hurumi kan laifin da hafsa ko ƙaramin soja mai cin albashin Sarki ya aikata a cikin jirgin yaƙi, ko a tsakiyar teku ne ko a cikin tashoshi da koguna da mashigan ƙasar da yake mulka. Takardar ta bar masa abu ɗaya, cewa idan sojan ruwa ya sauko tudu ya yi ɓarna, dokar wurin ta hau kansa. Wato matuƙin da ya fasa wa mutum kai a kan dakalin tasha na alƙalin gari ne. Idan ya yi taku uku ya faɗa kwalekwalen jirginsu kafin a cafke shi, kamo shi ya zama sai da yardar kyaftin. Kyaftin kuwa kullum a ƙarancin ma'aikata yake, bai cika son rabuwa da ko mutum ɗaya ba.

Wannan ƙarancin ma'aikata shi ya haifar da mafi munin abin da tashoshin suka gani, wato kamen dole. Rundunar ruwa tana da al'adar tura gungun sojoji su kama duk wanda ya san aikin jirgi su tusa shi aikin soja ba tare da yardarsa ba. A 1708 Majalisa ta yi dokar da ta hana wannan a Amurka. Da yaƙin da ake yi a lokacin ya ƙare, lauyoyin gwamnati suka ce dokar ta mutu tare da yaƙin, mutanen Amurka suka ce tana nan da ranta, kuma aka bar maganar a rataye shekara da shekaru. A watan Nuwamba na 1747 Kwamanda Charles Knowles, wanda sojojinsa da dama suka tsere, ya tura mutanensa tashar Boston suka kwashe mutum 46 daga jirage da bakin gaɓa. Gari ya tashi. Jama'a suka yi garkuwa da hafsoshin ruwa da suka samu a tudu, dakarun sa-kai na gari suka ƙi fitowa su kwantar da tarzomar, Gwamna William Shirley ya koma ganuwar Castle William da ke tsibiri a cikin tashar, Knowles kuma ya yi barazanar yi wa garin ruwan igwa. Kwana uku ana haka. Abin da ya kashe wutar ba hukuncin kotu ba ne, ciniki ne: aka saki hafsoshi, Knowles ya saki 'yan ƙasar da ya kama. Babu kotun da ta iya shiga jirginsa ta fito da mutum ɗaya. Matan da aka kwashe wa mazaje da sassafe ba su da ƙofar da za su ƙwanƙwasa, kuma a ganina duk wanda zai yi maganar wannan tarzoma ya fara daga nan.

Sai kuma kuɗi, wanda ba a cika faɗa ba alhali shi ne ƙashin bayan gardamar. Bayan Yaƙin Shekara Bakwai ya ƙare a 1763, Birtaniya ta ba hafsoshin ruwa ikon aikin kwastan. Tsohuwar ƙa'ida ita ce idan an kama kayan fasa-ƙwauri aka sayar, a raba uku: kashi ɗaya na Sarki, ɗaya na gwamna, ɗaya na wanda ya kama. Amma idan jirgin yaƙi ne ya yi kamun a teku, rabi na Sarki, rabi na hafsoshi da ma'aikatan jirgin, gwamna ba shi da ko sisi. Nan take tambayar ko cikin tasha teku ne ko ba teku ba ta zama tambayar aljihu. Gwamna yana da dalilin cewa tashar jikin ƙasarsa ce, kyaftin yana da dalilin cewa teku ce, kuma babu ɗayansu da ke magana da wankakken hannu. Dokar Sukari ta 1764 ta ƙara dagula lissafi da ta ba mai kamu damar ya kai ƙara wata sabuwar kotun teku da aka kafa a Halifax, can arewa mai nisa, maimakon kotun da ke garin mai jirgin. A 1768 aka mayar da irin waɗannan manyan kotuna huɗu: Halifax, Boston, Philadelphia da Charleston. Mai ƙaramin jirgi da aka kama, idan zai bi hakkinsa, sai ya bar sana'arsa ya yi tafiyar kwanaki ya tsaya gaban alƙalin da bai san shi ba, kuma nauyin tabbatar da cewa kayansa halal ne yana wuyansa.

Ba na cewa mutanen tashoshin nan waliyyai ne. Fasa-ƙwauri sana'a ce babba a Rhode Island, kuma mutanen gari goma sha biyu ba su cika kama ɗan'uwansu da laifin ƙin biyan kuɗin fito ba. Landan tana da hujjarta da ta nemi kotun da babu su. Amma maganin da ta kawo shi ne ta ba mai kamu rabin abin da ya kama, ta kuma cire shi daga ƙarƙashin duk wata hukuma da ke kusa. An ba kura ajiyar nama ke nan.

Mu koma ga Gaspee. Abin da ya tunzura mutane shi ne a watan Fabrairu Dudingston ya kama wani jirgi mai suna Fortune, na iyalin Greene, ɗauke da ganga goma sha biyu na barasa, ya aika da shi Boston alhali akwai kotun teku a Rhode Island. Da aka tambayi Alƙalin Alƙalai Stephen Hopkins, sai ya ce babu kwamandan jirgin da ke da ikon zartar da komai a cikin jikin ƙasar sai ya fara zuwa wurin gwamna ya nuna takardarsa. Rhode Island kuwa tana zaɓen gwamnanta da kanta, ba naɗin Sarki ba ne, shi ya sa Wanton ya iya ɗaga murya yadda gwamnan da ke jiran ƙarin girma daga Landan ba zai iya ba.

Ranar 9 ga Yuni, Gaspee ya bi wani jirgi mai suna Hannah, ya kafe a tudun yashi a Namquid. Cikin dare mutanen garin Providence na Rhode Island suka zo a kwalekwale takwas, suka harbi Dudingston suka ji masa mummunan rauni, suka sauke ma'aikatan, suka cinna wa jirgin wuta. Abin da ya biyo baya ya nuna yadda hukumomin uku suka ja abu guda ta fuska uku. Kotun gari ta saurari ƙarar da iyalin Greene suka shigar kan jirginsu, Dudingston ya faɗi. Kotun soja ta zauna a Ingila kan asarar jirgin Sarki, ta wanke shi, daga baya ma aka ƙara masa girma. Lauyoyin gwamnati suka ce ƙona jirgin cin amanar ƙasa ne, aka kafa kwamitin bincike da umarnin a tura duk wanda aka gano Ingila a yi masa shari'a a can. An sa ladan fam 500, kwamitin ya zauna a Newport a 1773, bai samu wanda zai gurfanar ba, a garin da kusan kowa ya san waɗanda suka shiga kwalekwalen. Barazanar ɗauke mutum a ƙetare teku da shi don shari'a ita ta sa majalisar Virginia ta kafa kwamitin tuntuɓar sauran yankuna a watan Maris na 1773, ɗaya daga cikin matakan da suka kai ga ɓallewar Amurka.

Kada a ɗauka ko yaushe sojan ruwa ne mai wuce iyaka. Akwai lokacin da admiral ne ya fi gwamna fahimtar doka. A 1863, ana tsakiyar yaƙin basasar Amurka, jirgin 'yan Kudu mai suna Alabama ya kama wani jirgin kasuwancin 'yan Arewa mai suna Conrad ɗauke da ulu. Kyaftin Raphael Semmes ya ɗora masa ƙananan igwa biyu da mutane kaɗan, ya sauya masa suna zuwa Tuscaloosa, ya ce ya zama jirgin yaƙi. A watan Agusta jirgin ya shigo Simon's Bay, wanda a lokacin shi ne mazaunin rundunar ruwan Birtaniya a ƙarshen kudancin Afirka. Birtaniya 'yar ba-ruwanmu ce a yaƙin, kuma ta hana kowane ɓangare shigo da jirgin ganima tashoshinta. Admiral Baldwin Walker ya duba ya ce wannan ganima ce da aka yi wa ado, har ulun yana ciki, kuma babu kotun da ta halatta kamun. Gwamnan yankin Cape, Philip Wodehouse, ya nemi shawarar babban lauyan gwamnatinsa, aka ce masa jirgin yaƙi ne. Walker yana da jirage da igwa a wurin, amma ya bi maganar gwamna, domin tsare matsayin ba-ruwanmu a ruwan ƙasar aikin gwamna ne. Landan ta rubuto cewa da an tsare jirgin. Da Tuscaloosa ya dawo a ƙarshen Disamba aka kama shi. Bayan 'yan watanni Landan ta sake rubutowa a sake shi, tunda an riga an karɓe shi a matsayin jirgin yaƙi a zuwansa na farko. Jirgi ɗaya a ruwa ɗaya, hukunci uku cikin ƙasa da shekara. Amma a lura da abin da ya sauya tun zamanin Montagu: admiral ya yi gardama a takarda, ya kuma jira.

Wannan sauyi bai faɗo daga sama ba. A ƙarni na 19 Majalisa ta yi ta ɗinke ɓarakar da doka bayan doka, kuma kusan kowace ta ƙara wa kotun gari ƙarfi. Dokar 1849 ta ba kotunan ƙasashen mulkin mallaka ikon sauraron laifin da aka yi a teku, ko a tasha, ko a kogi, ko duk inda admiral ke da hurumi, tamkar a ruwan ƙasar aka yi shi. Da wannan, tsohuwar tambayar ko ruwa ya cika ko ya janye ta rage nauyi a shari'ar laifuka. A 1876 jirgin Jamus mai suna Franconia ya yi karo da jirgin Birtaniya Strathclyde kusa da Dover, mutane suka mutu, aka gurfanar da kyaftin ɗin, Ferdinand Keyn. Alƙalai goma sha uku suka rabu bakwai da shida, masu rinjaye suka ce kotun Ingila ba ta da hurumi kan baƙo a jirgin baƙi, ko da bai kai mil uku daga gaɓa ba. Majalisa ta toshe wannan da dokar 1878, wadda ta shafi dukan daular, ta kuma ce a ƙasashen mulkin mallaka ba za a gurfanar da baƙo a irin wannan laifi ba sai da izinin gwamna. Daga ƙarshe dokar 1890 ta rushe tsofaffin kotunan mataimakin admiral, wato kotunan teku na ƙasashen mulkin mallaka, ta miƙa aikinsu ga manyan kotunan kowace ƙasa. Alƙalin da ke jin ƙarar gona shi ne kuma ke jin ƙarar jirgi.

Rundunar ruwa ba ta fita daga tasha ba, salon riƙonta ne ya sauya. Maimakon ta yi iƙirarin duk ruwan, sai aka riƙa yanka mata yanki a rubuce. A gida, dokar 1865 ta ba da damar ayyana tashoshin rundunar a naɗa musu sarkin tasha na soja, mai ikon faɗin inda jirgi zai tsaya da inda ba zai wuce ba. A waje ma aka bi wannan salo, har yau a Jibralta akwai ruwan da doka ta keɓe wa rundunar a ƙarƙashin irin wannan jami'i.

Hong Kong ta nuna yadda zaman ya kasance. Sarkin tasha na farko da aka naɗa a 1841, William Pedder, laftanar ne na sojan ruwa, amma gwamnatin farar hula yake yi wa aiki, kuma shi ne majistare na harkokin ruwa. Ofishinsa ke tsara wurin tsayawar jiragen kasuwa, da rajistar kwalekwale, da al'amuran dubban iyalan da a kan ruwa ake haifarsu a kan ruwa suke rayuwa. Jiragen yaƙi suna da nasu wurin tsayawa da aka keɓe. A gaɓa kuwa, ma'aikatar gyaran jiragen rundunar ta zauna daram a tsakiyar birni, tsakanin unguwar kasuwanci da Wan Chai, ta raba bakin ruwan biyu. Gwamnoni da manyan 'yan kasuwa sun sha neman a ɗauke ta a kai wani wuri don birnin ya samu hanya, Hukumar Sojan Ruwa ta ƙi, a farkon ƙarni na 20 ma faɗaɗa ta ta yi. Sai a 1959 aka rufe ta, kuma unguwar har yau da sunan hukumar ake kiranta. A kotu farar hula sun yi nasara, a rabon fili da ruwa kuwa rundunar ta riƙe abin da take so fiye da shekara ɗari.

Tambaya ɗaya ta rage, ita ce mafi wuya: shi jirgin gwamnati mai ɗauke da makami da ke tsaye a ruwan wata ƙasa, yana cikin ƙasar ne ko yanki ne na ƙasarsa da ke yawo a kan ruwa? Lauyoyi da yawa sun daɗe suna riƙe da ra'ayi na biyu, kuma shi ne ruhin abin da Montagu ya faɗa wa Wanton game da shigar sherif jirgin Sarki. Amsar ta fito daga ruwan Hong Kong. A watan Janairu na 1937, a cikin wani jirgin sintiri na hukumar kwastan ta ƙasar Sin, wani yaron jirgi mai suna Chung Chi Cheung ya harbe kyaftin ɗin, Douglas Campbell, ya mutu. Ya harbi mataimakinsa ya ji masa rauni, ya kuma harbi kansa bai mutu ba. Jirgin yana cikin ruwan Hong Kong a lokacin. Mataimakin, da rauninsa, ya ba da umarni a juya da sauri a nemi 'yan sandan ruwa, suka zo suka ɗauki mai harbin. Sin ta nemi a miƙa mata shi, buƙatar ba ta yi nasara ba, kotun Hong Kong ta yi masa shari'a ta yanke masa hukuncin kisa.

Lauyoyinsa suka ɗaukaka ƙara zuwa kwamitin shari'a na Majalisar Sarki a Landan, wanda shi ne kotun Allah-ya-isa ta ƙasashen mulkin mallaka. Hujjarsu ita ce kisan bai auku a Hong Kong ba, ya auku ne a ƙasar Sin, tunda jirgin yanki ne nata. A ƙarshen 1938 Lord Atkin ya karanta hukunci ya yi watsi da wannan. Ya ce jirgin gwamnati ba tsibiri ba ne mai yawo. Yana cikin ruwan ƙasar da ya shiga, abin da yake da shi rigar kariya ce da mai masaukin ya ba shi bisa al'adar ƙasashe, kuma ƙasar da ke da jirgin tana iya tuɓe ta. A wannan shari'a an tuɓe ta, domin hafsan jirgin da kansa ya kira 'yan sanda, gwamnatin Sin kuma ta bar ma'aikatan jirgin suka zo kotun Hong Kong suka ba da shaida. Aka kori ƙarar, hukuncin kotun gari ya tabbata.